An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A farkon shekarar 2024 wani ƙorafi ya yawaita a tsakanin masu buga wasa a kwamfuta, kuma abin da ya sa ya ja hankali shi ne irin mutanen da ke yin sa. Mutane ne da suka zuba dukiya suka haɗa injunan da babu kamarsu a kasuwa a lokacin: furosesa Core i9-13900K ko 14900K na kamfanin Intel, da katin hoto RTX 4090 na Nvidia mai ma'ajiyar gigabayit 24. Mutum zai buɗe wasa, musamman irin waɗanda aka gina da Unreal Engine, kafin ya kai ga fage sai wasan ya rufe kansa, saƙo ya fito a allo cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika. Duk mai hankalin da ya karanta wannan saƙo a kan katin zai ɗora laifi, kuma idan yana da hali, washegari zai fara neman wani. Katin kuwa lafiyarsa lau. A lokacin da wasa ke tashi, furosesa ce ke warware bayanan da aka matse, ita ce kuma ke harhaɗa ƙananan shirye-shiryen da kati zai yi amfani da su wajen zana haske da inuwa, aikin da ke sa duka sassanta su yi gumi a lokaci guda. A cikin wannan matsi take kuskuren lissafi, ta miƙa wa wasan gurɓataccen sakamako, shi kuma wasan, da yake ba a koya masa zargin furosesa ba, sai ya fito da saƙon da ya fi kusa da abin da ya gani. Kamfanin RAD Game Tools, mai manhajar Oodle da wasanni da yawa ke matse bayanai da ita, ya fito ya bayyana cewa kurakuran da ake gani daga waɗannan furosesoci suke tasowa. A watan Afrilu Nvidia ta rubuta a bayanin direbanta cewa masu wannan matsala su tuntuɓi Intel. Sai a watan Yuli Intel ta amsa cewa furosesocin suna neman wutar da ta zarce ƙima, kuma wutar tana cin su a hankali. Ta fitar da gyara a watan Agusta, ta ƙara wani a Satumba, ta kuma tsawaita garanti da shekara biyu, domin gyaran yana hana lalacewa ne kawai, wadda ta riga ta lalace ba ya warkar da ita.

Na fara da wannan labari ne saboda ya tattaro duk abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa. Mai kwamfutar da ke yawan tsinkewa a tsakiyar wasa yana fuskantar tambaya biyu, kuma kusan kullum cakuɗa su yake yi. Ta farko: me ya sa take tsinkewa? Ta biyu: wane ɓangare ne ya kamata in sabunta? Sha'awar sabon kaya takan sa ya amsa ta biyu da fatan ta farko za ta warware kanta. Ra'ayina shi ne wannan tsari a juye yake, kuma shi ne hanyar da aka fi asarar kuɗi a wannan harka. Tsinkewa alamar rashin lafiya ce, jinkiri kuwa alamar ƙarancin ƙarfi. Injin da ba shi da ƙarfi yakan ja ƙafa, hoto ya riƙa sarƙewa, amma ba ya mutuwa haka kawai. Idan ya mutu, akwai abin da ya karkace, kuma sai an gano shi kafin a yi maganar kasuwa.

Shaida ta farko ita ce yadda tsinkewar take zuwa, kuma mutane da yawa ba sa tsayawa su lura. Idan wasan ne ya rufe ya bar ka a fuskar Windows, komai na aiki, to zargi ya fi karkata ga wasan kansa, ko direban kati, ko ram da ke kuskure jefi-jefi. Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci sannan ya dawo, wannan aikin Windows ne: idan kati ya yi sakan 2 bai amsa kira ba, sai ta tayar da direbansa daga farko, ta kuma rubuta abin da ya faru. Shuɗin allo yana zuwa da lamba da sunan kuskure, waɗanda ya kamata a ɗauki hotonsu da waya kafin su ɓace. Idan kuwa injin ya ɗauke ɗif kamar an zare masa waya, ko ya sake tashi ba tare da ko saƙo ba, hankali ya fara komawa kan wuta. Windows tana ajiye duk waɗannan a cikin Event Viewer. Sai dai a yi hattara da wani rubutu da ake kira Kernel-Power 41, wanda mutane ke gani su ce sun kama ɓarawo. Abin da yake faɗa kawai shi ne injin ya mutu ba ta hanyar da ta dace ba, ko da yaro ne ya taka wayar wuta haka zai rubuta. Rubutun da ya fi shi nauyi shi ne na WHEA, domin wannan ƙarfen ne da kansa yake sanar da cewa ya yi kuskure.

Mataki na gaba ba ya cin ko kwabo, amma shi aka fi tsallakewa: mayar da komai yadda kamfani ya ƙera shi. Mutum zai rantse bai taɓa ƙara wa injinsa gudu ba, alhali tun ranar da aka haɗa masa shi an kunna XMP, ko EXPO idan na AMD ne, a cikin bayos. Wannan ƙarin gudu ne ko da an lulluɓe shi da wani suna. Ram na DDR5 da aka rubuta 6000 a kwalinsa yakan tashi a 4800 idan ba a taɓa komai ba, sauran kuwa alkawari ne da mai ram ya yi, wanda sai furosesa da madabod sun yarda kafin ya cika. Yawanci suna yarda. Wani lokaci kuma suna yarda da safe su ƙi da rana, musamman idan sanduna huɗu aka cusa, ko aka haɗa sandunan da ba tare aka sayo su ba. Kuskuren ram shi ne mafi yaudara a cikin duka, don ba shi da fuska ɗaya: yau wasa ya rufe, gobe fayil ya lalace, jibi shuɗin allo da sunan wani direban da bai ci ba bai sha ba. A kashe XMP, a buga wasan na kwana biyu. A bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwajin ram. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Haka nan direban kati, a share tsohon gaba ɗaya da manhajar DDU a sa sabo, idan kuma matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, a koma na baya. Darasin da shekarar 2020 ta bari ya isa a tuna: da RTX 3080 ya fito a watan Satumba yana tsinkewa, aka yi ta cece-kuce kan wasu ƙananan kayan lantarki da ke bayan katin, har mutane suka riƙa leƙa bayan katunansu suna ƙirga su, sai ga shi sabon direban da Nvidia ta fitar ya kwantar da mafi yawan ƙorafin. Sharaɗi ɗaya ne a duk wannan aiki, a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canja uku tare ya ga matsala ta tafi, bai san wanne ne ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo daga farko zai soma.

Zafi da wuta su ne inda mai karatu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya bambanta da wanda ya rubuta sharhin da yake karantawa a intanet, don haka a nan zan ɗan daɗe. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, zafi kawai take kwashewa daga ƙarfe ta zuba a iskar ɗaki. Saboda haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, kusan shi ne zai ƙaru a kan furosesa da kati. Masu gwajin kaya a Turai da Amurka a ɗaki mai kimanin digiri 22 suke aunawa. Ɗakin da ba na'urar sanyaya iska a watan Afrilu, lokacin da waje ke haura digiri 40, wata duniya ce daban, kuma katin da aka yaba da cewa yana tsayawa a 70 zai iya wuce 80 ba tare da wani aibu a jikinsa ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya har su zama kamar bargo. Amma kada a wuce gona da iri wajen zargin zafi. Furosesocin zamani an ƙera su su rage gudu idan sun kai iyaka, wadda ita ce digiri 100 a na Intel da muka ambata, 95 kuma a yawancin Ryzen 7000, don haka zafi shi kaɗai ya fi haifar da jinkiri bayan an ɗan jima ana wasa. Abin da yake yi a ɓoye shi ne tona asirin abin da dama yake tsaye a bakin gaɓa: ram da ke daidai a ɗaki mai sanyi sai ya fara kuskure, akwatin da ke ba injin wuta idan ya tsufa sai ya kasa ba da abin da yake bayarwa da. Gwajin mai sauƙi ne. A buɗe murfin gefe, a juyo da fankar ɗaki tana hura ciki, a buɗe manhajar HWiNFO ana kallon ma'auni. Idan tsinkewar ta daina ko ta jinkirta, an samu bakin zare, kuma maganin na iya zama hure ƙura da sabon man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya.

Akwatin wuta shi ne ɓangaren da aka fi yi wa rowa, saboda ba ya ƙara ko hoto ɗaya a sakan, kuma ba wanda ke nuna shi ga abokai. Lissafin da aka saba yi shi ne a haɗa wat ɗin kati da na furosesa, a ga bai kai abin da aka rubuta a jikin akwatin ba, a ce shi ke nan. Lissafin ya manta da wani hali na manyan katuna, wanda ya fito fili a zamanin RTX 3080 da 3090: a cikin ƙiftawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kati kan zabura ya ja wutar da ta zarce adadinsa nesa ba kusa ba. Akwatin sai ya ɗauka gajeren haɗi ne ya faru, ya katse kansa don kare sauran kaya. Wato yana aikinsa ne, amma mai wasa abin da zai gani shi ne injin ya mutu daidai lokacin da faɗa ya yi zafi. Wannan ne ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa manyan akwatuna jure ninki biyu na ƙarfinsu na ɗan ƙanƙanen lokaci. Akwai gwajin da ba ya buƙatar sayen komai: a shiga manhajar MSI Afterburner a rage wutar da kati ke ja zuwa kashi 70 cikin 100. Idan mutuwar ta tsaya, yatsa ya nuna akwatin wuta, ko wayoyin da ke tsakaninsa da kati. Sannan ga abin da ke shigowa daga bango. Akwati mai kyau yana iya riƙe injin na kimanin kashi 16 cikin dubu na sakan idan wuta ta ƙifta. Sauyawa daga NEPA zuwa janareta, ko ƙiftawar da ke biyo bayan tashin firij ko injin ruwa a layi mara ƙarfi, duk suna iya wuce haka. Wanda injinsa ke mutuwa da daddare kawai, lokacin da unguwa ta kunna komai, ya fi buƙatar UPS mai kyau fiye da sabon kati.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, ai ko mai gyara a shago canja kaya yake yi ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Gaskiya ne, kuma sauya ɓangare yana cikin ingantattun hanyoyin gwaji. Bambancin shi ne mai gyara daga durowarsa yake ɗauko kayan gwaji, idan ba shi ba ne ya mayar. Aron akwatin wutar aboki na yini ɗaya bincike ne. Sayen sabo a kan zato caca ce, kuma a kasuwar da kaya ke zuwa da farashin dala, mayarwa kuma ke da wuya da zarar an ɓare kwali, cacar tana da tsada. Wasu kuma za su ce ai wasannin yanzu ne ake fitar da su ba su nuna ba, me zai sa mutum ya wahalar da injinsa. Wannan ma yana da ƙamshin gaskiya. A watan Yunin 2015 sai da aka janye Batman: Arkham Knight na kwamfuta daga kasuwa saboda munin aikinsa, kuma The Last of Us Part I ya iso kwamfuta a watan Maris na 2023 da tsinkewar da ta ɗauki gyare-gyare da dama kafin ta lafa. Amma wannan hujja goyon bayan bincike take yi, domin ita ma tana nuna cewa sabon kati ba zai gyara abin da ke cikin rubutun wasa ba. Tambayar da za ta raba gardama gajeriya ce: wasa ɗaya ne ke tsinkewa ko duka? Idan ɗaya ne, kuma wasu masu injuna daban suna kuka iri ɗaya, a jira gyara. Idan uku ne daga kamfanoni uku, laifin yana gida.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta mutumin da injinsa ya riga ya tsufa. Zai ce tunda dama zan sabunta, me zai hana in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya? Amsar ita ce sabon kati nauyi yake ƙarawa a kan duk abin da ke ƙarƙashinsa. Yana jan wuta fiye da tsohon, yana zuba zafi fiye da shi a cikin gidan injin, yana kuma tilasta wa furosesa da ram su yi sauri don su ciyar da shi. Idan ciwon a ɗaya daga cikin waɗannan yake, sabuntawa tsananta shi za ta yi, ga kuma sabon wanda ake zargi ya shigo cikin lissafi. Sabon kaya ma yana zuwa da nasa sharuɗɗan. A watan Oktoban 2022 aka fara ganin mahaɗin wutar RTX 4090, kati mai jan wat 450, yana narkewa, kuma binciken Nvidia ya danganta abin da rashin tura mahaɗin har ƙarshe, abin da ya kai ga sake fasalinsa daga baya. Akwai yanayi ɗaya da na yarda a tsallake dogon bincike, shi ne idan za a sauya injin gaba ɗaya, har da akwatin wuta, ba a ɗauko komai daga tsohon ba. Da zarar an ce za a riƙe ram ko akwatin wuta don rage kashe kuɗi, to wajibi ne a san ko lafiyarsu ƙalau.

Idan injin ya tsaya da ƙafafunsa, sannan tambaya ta biyu ta samu wuri, ita ma kuma da awo ake amsa ta. A kunna ma'aunin Afterburner a kan allo, a shiga wasan da aka fi bugawa, a wurin da ya fi nauyi. Idan kati yana aiki kashi 97 zuwa 99 cikin 100, shi ne ke riƙe da linzami, kuma sabon kati zai kawo canji. Idan yana yawo a kashi 60 ko 70 alhali hoto na sarƙewa, jira yake yi, kuma wanda yake jira shi ne furosesa ko ram. Kada a ruɗu da ganin furosesa a kashi 40, domin wasa na iya ƙure sashe ɗaya ko biyu sauran suna hutawa. Hanya mafi tabbas ita ce a rage girman hoto sosai, misali daga 1440p zuwa 720p. Idan yawan hoto a sakan bai motsa ba, ko kati mafi tsada a duniya aka sa ba zai motsa ba. A kuma duba ma'ajiyar kati, don tun daga 2023 manyan wasanni suka fara ƙure gigabayit 8 idan aka ɗaga ingancin zane, kuma alamar hakan ita ce hoto ya riƙa tsayawa cak na ɗan lokaci, wanda saukar da ingancin zane mataki ɗaya kan magance. Wani lokaci gyaran ƙarami ne ƙwarai: injin da ke da sandar ram ɗaya yana amfani da rabin hanyar da aka tanadar masa, ƙara ta biyu irinta sai ya buɗe ɗaya rabin. Allon kallo ma yana cikin lissafi, domin mai 60 a sakan ba zai nuna maka 140 da ka biya kuɗinsu ba.

Daga nan sai a dubi abin da saye ɗaya zai jawo. Furosesa ba ta tafiya ita kaɗai. Mai madabod na AM4 yana da sa'a, domin AMD ta riƙe wannan mazaunin furosesa shekaru masu yawa, har madabod na 2017 da dama suka karɓi Ryzen 7 5800X3D na 2022 bayan sabunta bayos, ba tare da canja ram ba. Wanda zai ƙaura zuwa AM5 kuwa abu uku zai saya a tare, furosesa da madabod da DDR5, don wannan mazauni ba ya karɓar DDR4. Shi ya sa nake ganin maganar saye don gaba, wato a ɗauki mafi tsada yau saboda wasannin shekara biyar masu zuwa, ta fi dacewa da akwatin wuta da allon kallo da gidan injin, waɗanda ke raka mutum zamani biyu ko uku, fiye da kati, wanda na tsakiya a zamani mai zuwa kan kamo na saman wannan zamani.

Da yawa daga cikin masu saye a ƙasashenmu na hannu za su saya, kuma babu aibu a ciki. Tun da kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa da katuna a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka bazu a kasuwannin duniya. Da yawansu lafiya suke, abin da ya fi gajiya a jikinsu shi ne fanka da man sanyaya da ma'ajiya. Kada a wadatu da ganin hoto ya fito a allon shago. A nemi a sa wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa, ana kallon zafin kati da na ma'ajiyarsa, ana lura da ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi a hoto, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gida kafin ciniki ya faɗa. Tsohon katin kuma kada a yi saurin sayar da shi a makon farko. A bar shi a durowa har sabon ya yi wata guda yana aiki, domin idan tsinkewa ta dawo, shi ne za a mayar a gani ko za ta bi shi.